Ranar da Na Kai Sunan Yayana Gaban Ikilisiya

Har yanzu akwai mata a cocinmu da ke nuna ni ga 'ya'yansu suna cewa, "Kun ga wannan? Ita ce ta raba yayanta da giya." Ba haka aka yi ba. Na gaji da wannan yabo, kuma tunda shekara ta zo ƙarshe kowa yana rubuta abin da ya koya, bari in faɗi nawa yadda yake.

Shekara biyu da suka wuce, yayana yana sha. Ya gama karatun malanta a kwalejin Gidan Waya, aiki bai samu ba, ya koma acaɓa a cikin Kafanchan. Ana cikin haka babanmu ya rasu. Daga nan giyar leda ta shiga aljihunsa ta zauna. Shi ne kuma mai kaɗa ganga a cocinmu. Ranar Lahadi zai sa farar riga, ya jefa cingam a baki, ya kaɗa har tsofaffi su tashi rawa. Wasu sun sani, amma ba mai magana.

Mama ta fi kowa sani. Kullum ta rufe masa abinci ta ajiye, in na fara faɗa ta ce, "Ki bar shi, muna addu'a." Ni kuma in ce, "Mama, addu'ar ɓoye har yaushe?"

Duk wanda ya san ni ya san bakina. Ko a layin famfo ba na iya tsayuwa ban yi wa wani gyara ba. A lokacin ina alfahari da hakan. Cewa nake yi ni ba munafuka ba ce.

A taron addu'ar Laraba muna da yadda muke yi. In an zo roƙon addu'a, ba a kiran suna a kan abin kunya. Mutum zai ce, "Akwai wani ɗan'uwa da ke cikin gwaji, mu tuna da shi." Ko an gane waye, sai a sunkuyar da kai a yi addu'a, a tashi kamar ba a gane ba. Ni abin yana ba ni haushi, ina ganin wasan yara ne. To, wata Laraba na karɓi makirfo. Na kira sunan yayana cikakke. Na ce mashayi ne, na ce yana kashe mamanmu a tsaye, na ce ikilisiya ta daina yi kamar ba ta gani.

Yana nan zaune bayan ganguna. Bai ko kalle ni ba. Ya ajiye sandunan a hankali, ya fita ta ƙofar gefe.

Tunda magana ta fito fili, dole dattawan ikilisiya suka zauna a kanta. Suka sa shi a horo, suka karɓi ganga. Bayan mako ɗaya ya ɗaure jakarsa a bayan mashin ya bar gari. Mama kaɗai yake kira. In na ɗauki wayarta, sai ya kashe.

Da watanni suka ja, labari ya fara zuwa daga Kachia cewa ya daina sha, har ya yi ƙiba, yana aiki wajen wani Alhaji mai sayen citta, wanda dā can yake sayen ta babanmu. Nan fa yabo ya soma. Ni ma na yarda. Na ce a raina, ai ga shi, gaskiya ta yi aikinta, fushin nan nasa zai wuce.

Bai wuce ba. Sama da shekara yayana bai ce mini ko sannu ba.

A watan Janairun bana hawan jinin Mama ya tashi, ta kwana uku a asibiti. Da muka dawo gida na ce ya isa. Na shiga mota zuwa Kachia da jawabina a shirye, har na yi ta maimaita shi a hanya.

Na sami Alhaji a bakin sitonsa, tsoho siriri mai farin gemu. Na gaishe shi a gurguje na ce na zo ganin yayana, magana ce ta gaggawa.

"Maman taku ta samu sauƙi?"

"Ta samu, Baba."

"To ba gaggawa ke nan. Ga shi can yana juya shanya. Ba zan hana ki ganinsa ba, 'yata, amma yanzu lokacin aiki ne. Kin iya tsaga citta?"

Kafin in ba da amsa ya miƙo mini wuƙa. Haka na zauna cikin mata a gindin mangwaro, tulin ɗanyar citta a gabanmu, kowa tana tsaga ta biyu tana jefawa a kwando. Ni 'yar manomin citta ce, amma rabona da wannan aiki tun ina firamare. Na yanke yatsa, yajin ya shiga ciwon, hawaye ya cika mini ido. Wata mata ta ce, "'Yar boko, ba da faɗa ake yi ba, bi jikinta." Suka yi ta dariya. Yayana yana can nesa a kan dutse yana baza citta a rana. Ya gan ni sarai. Bai zo ba. Awa huɗu ina zaune, jawabin nan yana ta raguwa a kaina.

Da rana ta take, sai ga yayana da kwanon shinkafa da wake da cokali biyu. Ya zauna a kan buhu.

"Madam Lasifika. Kin zo da sanarwa?"

Na ce, "Yaya, Mama ba ta da lafiya."

"Na sani. Kullum muna waya."

"To me ya hana ka zuwa? Ai ka warke. In ba don abin da na yi ba da yanzu..."

Ya ɗaga mini hannu. Ba da tsawa ya yi magana ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

"Ranar da kika tashi a coci, kwana goma sha ɗaya ke nan ban sa ko ɗigo a bakina ba. Ina ƙirgawa. Hannuna yana rawa, amma na zo na kaɗa. So nake in cika wata ɗaya kafin in gaya wa Mama, don kar in sa mata rai a banza. Da na fita ta ƙofar nan, kin san inda na nufa?"

Na sani. Gidan giya.

"Wata uku na ƙara yi ina sha. Ya fi na dā muni."

Na kalli shinkafar, ta ƙi shiga. Muna gida ɗaya da mutumin nan kwana goma sha ɗaya, ina wanke kwanon da ya ci abinci, ban lura ya daina zuwa da wari ba. Ba na dubansa. Laifinsa kawai nake nema, ina tara abin faɗa.

Sai halina ya motsa. Na ce, "Yaya, Lahadin nan zan tashi a gaban kowa in roƙi gafararka. Zan gaya musu duk abin da ka faɗa."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Ke dai! Ki sake kiran sunana a makirfo? Ga ni a gabanki. In haƙuri za ki ba ni, ba ni a nan."

Na ba shi a nan, a kan buhun citta, da yatsa ɗaure da tsumma. Bai ce ya wuce ba. Ya dai tura mini naman da ke cikin kwanon ya ce, "Ci, motar yamma ba ta jira."

Da zan tafi na tambayi Alhaji me ya gaya wa yayana har ya daina sha.

"Ni? Ban ce masa komai ba. Shi ya kawo mini makullin mashin ya ce in la'asar ta yi kar in ba shi, ko ya roƙa. Na riƙe. Sau biyu ya koma sha. Sau biyun ya zo aiki washegari, na ce masa ina kwana."

Shekarar nan gaba ɗaya ina juya wannan magana. Abin da na faɗa a coci gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma ba don shi na faɗa ba. Na gaji ne, ina so nauyin ya sauka daga kaina, kuma ina so a san ni ce mai ƙarfin hali a gidanmu. Tsofaffin nan da ke cewa "wani ɗan'uwa" ba tsoro ne ke hana su kiran suna ba. Suna bar wa mutum ƙofar da zai dawo ta ciki ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ni na rufe tasa.

Ban zama mai haƙuri ba, kar in yi muku ƙarya. Jiya ma na yi da wani mai keke. Abin da ya canza shi ne yanzu kafin in buɗe baki a kan wani, ina tambayar kaina ko na taɓa zama da shi mu biyu na tambaye shi yaya yake. Yawanci amsar a'a ce, sai in yi shiru.

Ni da yayana muna waya yanzu. Ya zo ganin Mama sau biyu, ranar aiki, ya koma kafin unguwa ta ankara. Cocinmu kuwa bai taka ba, kuma ban san ko zai taka ba. Na rubuta wannan ne bayan na karanta masa, ya ce in dai ba suna, in saka.

Makon jiya Mama ta ce, "Ke yake jin maganarki yanzu. Ki matsa masa ya zo Kirsimeti gida." Na ce mata ba zan matsa ba. In ya zo, matan zumuntar coci za su cika falo suna kallonsa kamar shaida mai tafiya da ƙafa.

Na riga na yi magana da direba. Ranar ashirin da huɗu zan yanka kaza biyu, in soya cincin, in ɗauki Mama da maganinta. Bana mu ne za mu je wurinsa.