Kartaɓa, Wadda Ta Tura Ƙwaya da Ɗumin Haske

Haihuwa

An haife ta a shekarar 1961 a wani gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuma ɗinki take yi. Da rawar hannu ta zo duniya, ga rashin zama wuri ɗaya, don haka maganar da aka fi faɗa mata a shagon babanta, wato "kar ki taɓa", ita yayyenta suka dunƙule ta zama Kartaɓa, laƙabin da ya bi ta har kabari.

Karatu

Ta shiga firamare a 1967, ta kammala jami'a a 1984 a fannin kimiyyar haske. A takarda babu mai ja da ita, amma ranar gwaji abokan karatunta kan kwashe kwalabe daga gabanta, suna cewa ga girgizar ƙasa nan ta iso.

Aiki

A 1986 aka ɗauke ta a wani ɗakin bincike, inda ake ware ƙwayoyin halitta masu rai a ƙarƙashin madubin ƙara girma da siririn bututun gilashi. Duk ƙwayar da ta kai wa bututu sai ta fashe. Shugaban ɗakin, bayan dogon kawaici, ya sanar da ita cewa muddin shekara ta zagayo a haka, sito za a mayar da ita tsaron kwalaye. Ta rame, ta yi ta safa da marwa tsakanin tebur da taga, har Allah ya sa ta lura cewa idan hasken leza, wani siririn haske mai ƙarfi, ya ɗumama gefen ɗigon ruwan da ƙwayar ke ciki, ruwan kan motsa ya ja ƙwayar. Ƙwayoyin farko duk dafuwa suka yi. Ta rage zafin, ta ɗora wa kwamfuta gusar da hasken, kuma a 1987, gab da cikar wa'adin, ta kai ƙwaya mai rai daga wannan gefe zuwa wancan a gaban shugaban, hannayenta biyu na ta rawarsu a kan cinyarta. Maganar sito ba ta sake tasowa ba.

Aure da 'ya'ya

Ta auri wani malamin lissafi a 1990, suka haifi uku. Shi ke zura mata zare a allura, shi ke yanke wa jarirai farce, ita kuwa tana zagaya su tana cewa ya bi a hankali.

Rasuwa

Ta yi ritaya a 2021, amma ba ta daina leƙa ɗakin binciken ba. Ta rasu a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta aka binne ta kusa da mahaifinta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbansu likita, mai bi masa malamar makaranta, sai auta, wadda ta gaji rawar hannun, wadda tun tana rarrafe uwar ta hana kowa ce mata kar ta taɓa. Autar ce ke zaune a teburin uwar a ɗakin binciken yanzu.