Karatun Inna a Tsohon Diski

Ni dai ban iya jira ba, haka Allah ya yi ni. Ko ruwan shayi na ɗora sai na buɗe murfi sau uku kafin ya tafasa. To a haɗa mai irin wannan hali da kwamfutar da za ka kunna, ka je ka yi alwala, ka yi salla, ka dawo ka tarar tana nan tana tunani. Aikina buga takardu ne, na 'yan kasuwar Adawlato masu fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa. Takardun duk da Faransanci suke, su kuma yawancinsu allo suka yi, ba lekol ba, wato boko. Alhaji zai tsaya a kaina yana kaɗa makullin mota, ni ina zufa ina danne-danne. Wata rana har marin kwamfutar na yi, wallahi, a gaban mutane.

Abu ɗaya ya hana ni rabuwa da ita, karatun Inna. Mahaifiyarmu ta yi shekaru tana koyar da matan unguwa Alƙur'ani a tsakar gidanmu a Zongo. A azuminta na ƙarshe na ɗauki muryarta da waya, izu bayan izu har sittin, da tarinta da komai, har da inda take tsayawa ta ce a kori kaji daga kan tabarma. Wayar ta daɗe da mutuwa. Abin da ya rage a duniya na muryar Inna yana cikin kwamfutar nan kaɗai. Yayyena na Kumasi da Kwatano sun yi ta cewa in tura musu, ni kuma kullum sai na ce abin da nauyi, sai na samu sarari. Kowace Juma'a da hantsi Baba yakan sa in kunna masa izu guda, ya zauna kan buzu ya rufe ido, leɓensa na bin ta.

Wata Asabar haƙurina ya ƙare, na ɗauke ta na kai wa wani mai gyara a bayan Babbar Kasuwa, wani ɗan ƙabilar Mina mai sanyin magana. Sanyin nasa ma haushi yake ba ni. Ya ce diski ne ya tsufa, irin mai faifai ne da ke juyawa a ciki, in an sa mata na zamani da ake kira SSD za ta tashi kafin in gyara zama. Na ce sa, yanzu. Ya kwance ta a natse, yana jera ƙananan kusoshi a murfin kwalba ɗaya bayan ɗaya, ni ina ta safa da marwa a ƙofar shagon. Na leƙa na ce, "Yau dai ko gobe?" Ya ce, "Madam, zauna mana." Ina fa zama!

Da ya gama ya kunna, sai ga ta ta buɗe ido nan take. Na yi dariya har da tafi. Sai ya ce in saurara. Sabon da na saya ƙarami ne, bai kai tsohon ciki ba, don haka takardun aiki kawai ya kwashe min. Sauran kaya, hotuna da sautuka, suna nan cikin tsohon. Akwai wani ɗan gida da ake sa diski a ciki a jona shi da kwamfuta ta waya, nasa ya ƙare, in dawo ranar Litinin. Ya miƙo min tsohon a leda ya ce, "Ki adana shi da kyau." Na ce na ji, hankalina kuwa yana kan takardun wani Alhaji da na bari rabi.

Na hau zemijan, babur ɗin haya, na koma gida, na tarar da Baba a zaure yana aikinsa. Tun da ya bar kasuwa ya ɗora wa kansa wata hidima. Yana bin masallatai da makarantun unguwa yana tattara tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani da suka yage ko suka dafe, don kada a taka su ko iska ta kai su kwata. In sun taru ya ƙona a wuri mai tsabta, ya kwashe tokar ya zuba ta a ruwa. A wajensa in an samu sabon kwafi, tsohon ya gama hidima, sai a sallame shi da mutunci. Na san wannan tun ina ƙarama, na sha taya shi shara. Amma ranar ko kaɗan bai faɗo min a rai ba.

Na jefa ledar kan tebur ina cire takalmi. Baba ya ce, "Uwata, mene ne wannan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Na ce, "Cikin kwamfutar ne, Baba. Ya tsufa, an cire an sa sabo."

Ya juya shi a hannu. "Karatun Innarku a nan yake zaune?"

"Nan yake."

"An kuma sa sabo?"

"An sa, Baba, har ta fi da gudu."

Ya gyaɗa kai. Ni kuwa na shige ɗaki da sauri, ina ɗokin ganin yadda za ta yi aiki. Magana ɗaya kawai ta rage in ƙara, in ce ba a kwashe ba tukuna. Ban ƙara ba.

Ranar Litinin da safe na nemi leda, babu. Na ɗaga tabarma, na zazzage jaka, na buɗe har tukunyar da ba ta da dalilin buɗewa. Na yi wa matar wana faɗa ba gaira ba dalili, Allah ya ba ta haƙuri. Baba ya dawo daga masallaci ya same ni gwiwa a ƙasa ina leƙen ƙarƙashin kujera. Ya ce, "In ƙarfen nan kike nema, na sallame shi jiya." Fuskarsa a sake, irin ta wanda ya sauke nauyi. Ya ce ya ga wuta ba za ta ci shi ba, binnewa kuma a garin nan yau ka binne gobe a haƙa a yi gini. Sai ya hau zemijan har bakin teku, ya ba wani masunci mai shirin fita, ya roƙe shi ya sake shi can ciki inda igiyar ruwa ba za ta dawo da shi bakin yashi a taka ba.

Na ja mayafi na fita. Har yau ban san abin da na je yi bakin teku ba. Na bi jiragen masunta ɗaya bayan ɗaya ina tambaya da yaren Mina, ina haɗawa da Faransanci, wa wani tsoho ya ba ƙunshi jiya? Na sami mutumin kuwa, yana ɗinkin koma. Ya ce ai tsoho ya roƙe shi, shi kuma ba ya wasa da saƙon tsofaffi, sai da suka yi nisa ƙasa ta ɓace sannan ya saki. Yana faɗa yana jiran in gode masa. Na gode masa. Daga nan na wuce wajen mai gyara, ko Allah ya sa ya kwafi wani abu bisa kuskure. Ya bincika, ya girgiza kai. Na bi matan da Inna ta koyar gida gida, ko akwai wadda ta taɓa ɗaukar muryarta. Ɗaya ce ta ce tana da wani abu, muka duba, muryar mai tallan koko ce ta rufe komai.

Juma'ar farko na ce wa Baba sabon yana bukatar saiti. Ta biyu na ce batir. Ta uku tun da sassafe na gudu unguwar Agoè-Assiyéyé, wai ina da aiki, na yi ta zaga kasuwa ba na sayen komai har aka kira salla. Abinci ba ya shiga, zama ba ya yiwuwa. Kwamfutar kuwa sai gudu take yi, kafin in taɓa ta buɗe, ni kuma na tsane ta kamar in rotsa ta da ƙasa. Haushin kaina nake ji, ba na kowa ba. Na so in ji haushin Baba, na nema na rasa ta inda zan kama.

Juma'a ta huɗu ya shimfiɗa buzunsa ya ce, "Uwata, yau dai ba wani dalili ko?"

Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, ban rage ba. Na ce ba a kwashe ba, Baba, wancan ne kaɗai, laifina ne, ni ce ban gama magana ba.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga murya sau ɗaya a rayuwarsa, da na samu sauƙi. Bai yi ba.

Ya ce, "Duka sittin ɗin?"

Na ce, "Duka."

Ya yi salati a hankali. Can ya ɗago, idanunsa sun kaɗa, ya ce, "Na naɗe shi da kyau fa, Uwata. Ba a leda na bayar ba. Sabon farin ƙyalle na saya, na sa masa turare."

Na ce, "Na sani, Baba," ko da yake sai a lokacin na ji.