Buhun Mai Karatu

Duk wanda ya ga hannun Hajjo ya san sana'arta. Zoɓo ya rina shi ja har cikin farce, babu sabulun da ke fitar da shi. Daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ta zo Kano, bayan mijinta ya tafi kudu neman abinci, ya rantse mata kafin damina zai dawo. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa. Da ta gaji da duban hanya sai ta kwashi 'ya'yanta biyu, ta kama ɗaki a Dakata, ta shiga aiki a wani sito a Bompai.

Aikin ba shi da wani sirri. Mata ne zaune a ƙasa, a zube musu busasshen zoɓo, su tsince tsakuwa da kara, su cika buhu, tirela ta kwashe. Gwargwadon buhunki, gwargwadon ladanki. Ƙura a hanci, ciwo a baya.

Amma matan siton suna da wani tsari da suka tarar. Mace ɗaya ba ta tsinta. Zama take yi a tsakiya tana karanta musu littafin soyayya da ƙarfi, su kuma kowacce ta zuba mata kwano daga nata tsintaccen har buhunta ya cika. Shi suke kira buhun mai karatu. Da, littafin kasuwa ake saya, yanzu a waya ake karantawa. Mai karatun zamanin Hajjo ita ce Rifkatu, 'yar Kagoro, wadda ake ce wa Maman Gidiyon. Ta iya muryar saurayi, ta iya ta uwar miji, in ta yi kukan budurwa har maigadi sai ya leƙo.

Hajjo ba ta yi boko ba, amma babu wadda ta kai ta sauraro, babu kuma wadda ta kai ta faɗa da mutanen cikin littafi.

"Sai ya ce mata, ke ce hasken idona," in ji Rifkatu.

"Hasken banza!" Hajjo ta jefar da tsakuwa. "Yarinya tana kwance a asibiti. Ya je? Ya kai mata ko kunu?"

"Haba Inna Hajjo, ki bari mana, yana zuwa," in ji Rifkatu.

"Haka suke cewa dukansu."

Ranar da saurayin ya je asibitin, ya wanke kwanukan marar lafiya da hannunsa, Hajjo ta jawo kwanonta. Kwano biyu ta zuba wa Rifkatu.

Hajjo ta san labarin ƙirƙira ne, ba yarinya ba ce ita. Abin da take so shi ne a cikin littafi in mutum ya yi alkawari ana bin sa har ƙarshe a ga ya cika ko bai cika ba, wanda bai cika ba kuma ya ji kunya a gaban kowa. A Dakata ba ta taɓa ganin haka ba. Kuma in ana karatu, ba ta jin bayanta sai an kira la'asar.

Sai aka kawo sabon mai kula da ma'aikata, Dalhatu, yaro mai ƙamshin turare. Ranar farko ya tara su ya ce su iyayensa ne, kukansu kukansa ne. Hajjo ta taɓe baki. Bai yi sati ba ya tsaya a kan Rifkatu.

"Ke fa, me kike yi?"

"Karatu, ranka ya daɗe."

Matan suka yi masa bayani. Buhun nan daga guminsu yake fita, kamfani bai rasa ko ƙwaya ba. Dalhatu ya ce littattafan nan su suke lalata mata, kuma wadda ba ta tsinta ba ma'aikaciya ba ce. Shi da yake wuni a ofis yana kallon ƙwallo a waya. Rifkatu ta ce to za ta koma tsinta. Ya ce ya riga ya gama magana, kada ya gan ta gobe.

A hanyar gida matan suka yi ta kumfar baki. Mas'uda, wadda ke zama kusa da Hajjo, ta fi kowa. "Wallahi in aka kori Maman Gidiyon duk mu tashi! Ya tsince zoɓon da kansa!" Kowa ya ce haka ne.

Da safe maigadi ya tare Rifkatu a bakin ƙofa, yana ba ta haƙuri. Hajjo ta hango ta, ta miƙe, ta kakkaɓe zani.

"To, ku tashi."

Babu wadda ta motsa. Kowacce ta zuba ido a zoɓon gabanta kamar yau ta fara ganinsa.

"Mas'uda, ba ke kika rantse ba?"

"Inna, yarana..."

"Rifkatu duwatsu ta haifa?"

Dalhatu ya fito. "Inna, ku zauna. Ban da matsala da ku."

"Ni ina da ita da kai. Ranar farko ka ce mu iyayenka ne. Haka kake korar uwarka a ƙofar gida?"

"In kuka fita, kun fita ke nan."

Ta kife kwanonta, ta ɗauki mayafi, ta fita. Ita kaɗai. A bakin titi Rifkatu tana hawaye tana cewa, "Inna, me ya sa? Ki koma don Allah." Hajjo ta ce, "Rufe mini baki, tare mana adaidaita."

Yanzu Hajjo tana Sharada, tana ware tsofaffin robobi a gaban injin niƙa. Ƙarar injin ba ta barin mutum ya ji ko sallama, balle karatu, ga hanya ta yi mata nisa. Rifkatu tana soya awara a ƙofar gidansu. A siton Bompai an daina karatu, kowa da buhunsa.

Kwanaki Mas'uda ta gamu da Hajjo a kasuwar 'Yankaba. Ta kama hannunta, idonta ya kawo ruwa.

"Wallahi Inna, abin nan yana damuna har yau."

Hajjo ta zare hannunta. "Ya yi ta damunki," ta ce, ta juya wurin mai tumatir.