Ranar da Muka Warware Suwaitar Rifkatu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar matata Rifkatu, wadda unguwarmu Makera ta sani da Maman Godiya mai saƙa. A irin wannan watan ne, ana tsakiyar sanyi. Ta tashi da safe ta ɗora ruwan zafi, ta ce kanta na sarawa, kafin rana ta take an gama. Har yau mutane suna tambayata yadda nake ji. Ba na jin komai. In buɗe wurin facina, in ci abinci, ran Lahadi in je coci in dawo.

Tare muka yi aiki a masaƙa a Kakuri. Da aka rufe, ni na koma facin taya, ita ta koma wurin 'yan gwanjo. Ba sayarwa take ba. In an fasa dila masu zaɓe sun kwashe na kirki, sai ta tsince suwaitocin da kowa ya ƙi, masu huji da waɗanda suka saki. Ta warware su, ta tara ulun a kan tururin buta har ya miƙe, ta wanke, ta sake saƙawa. Aikina in zauna in miƙa hannuwa biyu tana naɗe zaren a kai. Abokai a teburin mai shayi suka sa mini suna Hanga, wai abin rataye riga. Ban damu ba. Da wannan ulun 'yarmu Godiya ta gama makaranta.

Rifkatu ba ta saƙa wa mace riga sai ta tambaye ta aikin da take yi. Mai tuyar ƙosai, hannun ya tsaya a gwiwar hannu don kada ya sha mai. Mai zuwa ofis, ta bi launin atamfarta. Duka da maɓalli a gaba, don ta ce ba za a ɓata lokaci ana ɗaurin ɗankwali ba sannan riga ta zo ta ture shi. Da aljihu daga ciki na kuɗin mota. Kuma ba ta taɓa yanke bakin zaren ƙarshe ba. Takan tura shi ƙarƙashin hammatar hagu, ta ɗaure da ɗan jan zare. Ta ce jiki yana canzawa, mace ta haihu, ta yi ƙiba, ta rame, wadda za ta warware gobe kada ta sha wahalar nema.

Yanzu ina ganin 'yan mata suna wucewa ta gaban wurina da riguna masu sheƙi da suka yi oda ta waya. Wanki biyu sun yi ƙuraje, kafin damina suna cikin kwata. Ban san me Rifkatu za ta ce ba. Wataƙila za ta murza da yatsa biyu ta ce roba ce, ta ajiye.

Suwaitarta ta kanta guda ɗaya ce, ruwan ƙasa, da ita take zuwa zumuntar mata. Bayan jana'iza na sa ta a akwati da kafur na kulle. Ba na buɗewa, ba na shinshinawa kamar yadda ake cewa wasu na yi. Na dai san tana nan.

Bana Godiya ta sami aikin jinya a Jos, inda sanyi ba wasa ba ne. Ta ciro suwaitar daga akwatin ta gwada, maɓallan suka ƙi haɗuwa, don jikina ta ɗauko ba na uwarta ba. Ta ce za ta warware ta saƙa daidai ita. Na ce a'a. Ta ce ai uwarta ce ta koya mata. Na ce in ba ta da kuɗin rigar sanyi in ba ta, amma wannan a bar mini. Kwana uku ba ma magana sai gaisuwa.

Maƙwabciyarmu Maman Terna, mutuniyar Binuwai da suke rera waƙa tare da Rifkatu, ita ta shigo ta ce a fito da rigar ta gani. Ta ɗaga ta ga haske. Huji huɗu a baya, ɗaya a kafaɗa.

"Baban Godiya, shekara bakwai asu kake kiwo? In ci za a yi, ai gara 'yarka ta ci."

Na ce ita ce kawai abin da ya rage da siffar Rifkatu, har yanzu gwiwar hannunta na nan a lanƙwashe. Maman Terna ta ce ta sani. Ta juya rigar, ta nuna mini hammatar hagu. Jan zaren yana nan. Na sha ganinsa a rigunan matan mutane, ban taɓa tunanin ta sa a tata ba.

"Wa kake tsammani ta bar wa wannan?"

Na karɓi rigar na ajiye wa Godiya. Ran Asabar da hantsi na jawo kujera tsakar gida na miƙa hannuwa. Godiya ta kwance jan zaren ta ja. Abin ba wuya, sai tafiya yake. Wuya ya tafi, kafaɗa ta tafi. Inda asu ya ci ta ƙulla ta wuce. Ina jira in ji wani abu, ban ji ba, sai kafaɗuna da suka fara ciwo.

Da ta iso aljihun ciki sai zaren ya koma ruwan toka. Na gane shi. Tsohuwar suwaitata ce ta zuwa masaƙa, wadda ta ɓace daga igiyar shanya. Shekara biyu ban gaisa da wani ɗan haya ba saboda ita, Rifkatu tana kallona ba ta ce uffan ba. Godiya ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Baba, ashe ɓarawon a ɗakinka yake kwana."

Na ce ta ci gaba da naɗi, hannuna ya gaji.

Ulun bai isa ba, sai da ta ƙaro na wata tsohuwar hula. Rigar da ta fito ba ta Rifkatu ba ce. Ta fi tsawo, wuyan irin na yayin yanzu, hannun a gwiwa don wanke hannu a asibiti. Ta yi mata kyau, haka matan coci suka ce.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Rifkatu, ba shago, ba suna a allo, yanzu ko siffar gwiwar hannun babu. Akwai dai mata a Makera da Narayi da ke sa aikinta, wasu an warware sau biyu. Akwai akwati da warin kafur.

Ranar tafiyar Godiya na raka ta tasha. Kafin ta shiga mota na ce ta ɗaga hannun hagu. Ta ɗaga. Jan zaren yana nan. Na ce to, Allah ya kiyaye hanya, na koma wurin faci.