Kawu Kofur da Afirkarsa ta Laka

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Kofur a Tambuwal ya san ba a ratsa tsakar gidan kai tsaye. Sai dai ka raɓa ta jikin katanga kana tattare riga, don Afirka ce kwance a tsakiya. Da laka ya gina ta, tun dawowarsa daga yaƙin Habasha.

Daga Kebbe nake rubuta wannan, gidan mahaifiyata, ƙanwarsa. A gabana ruwa ya tafi da shi, kuma ruwan nan ne tsakanina da makaranta. An koma karatu tuni, ni na kasa ƙetarewa. Inna ta ce in riƙa tuna abin dariyarsa, ko zuciyata ta kwanta. To, bari in gwada.

Kun dai tuna Afirkar nan tasa. Sahara yashi ne ya jido a kwando ya baza a arewa, kyanwoyin unguwa suka mai da shi makewayi. Kwarin Kwango tsohon kasko ne ya binne, kullum da ruwa da gansakuka. Tsaunukan Habasha curi-curi ne kamar an kife tuwo. Dutsen Kilimanjaro kuwa ya kai gwiwa, da auduga a ka, wai ita ce ƙanƙara.

Liman ya taɓa tsayawa gaban dutsen ya ce, "Kofur, ji tsoron Allah. Ƙanƙara bisa dutsi, ƙasar baƙar fata, rana na duka?"

"Malam, ka taɓa zuwa Makka?"

"Allah bai nufa ba tukuna."

"Amma kullum kana ba mu labarinta muna cewa na'am. Ni ko da idona nig ga wanga!"

Gwaggo Kulu, matarsa, ita ta fi kowa shan wuya. Wata rana ta watsa ruwan wanke-wanke ta wajen Masar, ya kwararo kudu. Kawu ya fito ba hula.

"Kulu! Kin juya gulbin Nilu! Daga tudu yaka gangarowa, arewa yaka yi!"

"To ka gaya mai, ni ba ya jin maganata."

Daga ranar ya kafa doka: ba a zubar da ruwa sai a kan tsaunukan Habasha. Haka baiwar Allah ta riƙa kewaya nahiya guda da kwano a hannu, tana tsine wa wanda ya ɗauke shi soja.

Ranar da aka sami mulkin kai, ya kafa 'yar tutar da aka ba mu a makaranta kusa da inda Kwara ta haɗu da Binuwai. Mutane suka taru. Wani ya ce, "To Kofur, ina Tambuwal?" Ya ɗauko ƙwayar gero guda ya ajiye, ya ce, "Ga ku nan, da sarkinku da kasuwarku. Na ma yi muku alfarma." Bai rufe baki ba kaza ta caccake ta. Ya dube mu ya ce, "Kun gani? Haka duniya taka yi da ƙaramin wuri."

Wayyo Kawu. Abin da ya kashe shi ke nan, raina ƙaramin abu.

Da hutu ya ƙare ya zo Kebbe ɗaukata, don a Tambuwal nake hawa mota. Muka iske rafin da ke kan hanya ya kawo, jajir, yana jan itace. Masu fito na zaune da manyan gorunansu. Ka rungumi gora, su tura ka suna iyo. Babbansu ya ce, "Baba, an yi ruwa gabas, yanzu ma yaka ƙaruwa. Ku dakata, ko ku kama gora."

Kawu ya yi dariya. "Wanga? Ni da nig ga gulaben da ba a hangen gaɓarsu? Ɗiyata, gaya masu, shina cikin taswirar makarantarku?"

Na ce, "Babu shi, Kawu. Amma don Allah..."

"Kun ji! Abin da ko taswira ba ta san shi ba. Tsaya nan, in gwada miki iyakarsa cinya."

Ya naɗe wando, ya ɗora akwatina a ka, ya shiga. Ya kai cinyar. Ya juyo zai yi mini magana, bakinsa a buɗe, sai na ga akwatin kaɗai yana juyi. Masu fito suka faɗa gaba ɗaya. Sai washegari aka same shi, can ƙasa, saƙale a saiwar itace.

Tun ranar ko randar ruwa na leƙa sai jiri ya ɗebe ni. An kai ni bakin rafin, na zauna a ƙasa na ƙi tashi, aka dawo da ni. Inna ta ce in ba zan iya ba in haƙura da karatun, ba wanda zai zarge ni. Kawu kuwa da ya yi faɗa da dangi kaf kafin a sa ni makaranta, shi zai zarge ni. Na aika wa babban masu fito ya jira ni ran kasuwa. Na ce ya ɗaure ni a jikin goran, ko na yi ihu kada ya juyo.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa taurin kansa, Ka yalwata masa makwanci. Ni kuma Ka riƙe mini ƙafafuna in na isa bakin ruwan. Amin.