Ƙauyen Inna a Jikin Bango

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ranar da maigidana ya aike ni gidan hayarsa na Kagarawal ba za ta fita daga raina ba. A Nasarawo muke zaune lokacin. Ya shigo ransa a ɓace, wai an gaya masa tsohuwar da ya ba ɗaki tana ɓata masa bango da fenti. "Ki je ki yi mata magana, ku mata kun fi jin na juna. Ranar Asabar zan sa a shafe."

Tsohuwar daga wajen Borno ta gudo. An ƙone ƙauyensu, mijinta da babban ɗanta suka rasu a harin, ita kuma ta tsira da zanen da ke jikinta. Shekararta guda a gidan, amma ban taɓa jin maganarta ta wuce gaisuwa ba. In faɗi gaskiya, ba saƙon ne ya sa na yi saurin hawa keke-napep ba. So nake in ga me tsohuwa irin wannan za ta iya zanawa.

Ina yin sallama na tsaya cak. Gari ne sukutum a bangon tsakar gida: ga gidaje, ga rumbuna, ga rijiya, ga masallaci, har da burtalin da shanu ke bi zuwa rafi. Ashe ragowar fenti take roƙa wurin masu fentin keke a bakin titi, ta tauna bakin asuwaki ya yi laushi, ta yi zane da shi.

Na ce, "Inna, ina ne nan?"

"Garinmu ne, 'yar nan." Sai ta fara nunawa da yatsa. Nan gidan liman, nan na mai ƙosai, nan na wata da akuyarta ta addabi unguwa. Matar da ba ta magana, ran nan har la'asar ba ta yi shiru ba. Na yi ta jero tambayoyi kamar ba aiko ni aka yi ba. A nan na ji cewa a da ita ke yi wa amaren ƙauyensu lalle da adon ɗaki.

Na tambaye ta me ya sa ta fara. Ta ce, "Wata rana na tashi na kasa tuna ƙofar maƙwabciyata gabas take kallo ko kudu. Tsoro ya kama ni. Na ce sun ƙone garin sau ɗaya, kada ni in ƙone shi na biyu."

A tsakiyar zanen akwai wani fili da ba a taɓa ba. "Nan fa, Inna?"

"Gidana ne. Hannuna bai yarda ba tukuna."

Haka na koma gida da saƙona a baki. Na roƙi maigida ya je ya gani da idonsa kafin Asabar. Ya je bayan sallar Juma'a, ya goya hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Inna, wannan rumbun na gero ne ko na dawa?" Ta ce na gero. Bai ƙara ta da zancen shafewa ba, washegari ma ya aika mata da gwangwanin fenti biyu.

Labari ya kai unguwar Malam Inna, inda wasu matan yankinsu ke zaune, suka fara zuwa kallo. Ina wurin wata ta ce, "Haba Yaya, ai tsamiyar nan bayan rijiya take!" Suka hau musu, sai ga Inna tana dariya har da hawaye. Bayan damina ta zana gidanta, da koriyar ƙofa. Daga baya wata makarantar yara ta kira ta ta yi musu ado a bango, 'yan unguwa suka daina ce mata 'yar gudun hijira, suka koma cewa Inna mai zane.

Da can na ɗauka in ka ba wanda masifa ta afka wa ɗaki da abinci, ka gama taimakonsa. Inna ce ta koya mini cewa da saura: sai ka zauna ka tambaye shi ko shi wane ne kafin abin ya same shi, ka kuma yi haƙurin jin amsa.