Ɗakin Kayan Yaya Safiatou

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran yayata, Malama Safiatou Mainassara, mai koyar da Jamusanci a Magaria, bayan jinyar wata biyu a Damagaram. Washegari da hantsi muka kai ta makwancinta a Bande, kusa da Inna.

Yaya, ni ne ƙaninki Ɗayyabu. Mutane da yawa sun faɗi alherinki a zaman makoki, ni kuwa na kasa buɗe baki. Shi ya sa nake rubutawa.

Da kika samu burs, tallafin karatu, kika tafi Jamus, ina ƙaramin ɗan lekol a firamare. Kika dawo bayan shekara huɗu, Baba ya tambaye ki abin da kika karanto. Kika ce kin yi bincike ne a kan masu tara kaya a cikin littattafan Jamusawa: wani yana tara duwatsu, wani tsofaffin agogo, wata kuma makullan gidajen da yaƙi ya rushe. Baba ya ce, "Duk wannan tafiya don labarin masu tarkace?" Muka yi dariya, har da ke. Sannan kika ce wasu daga cikinsu kwaɗayi ne ke sa su, amma mafi yawa tsoro ne: sun rasa mutane, suna gudun kada su rasa tunawa da su.

Daga baya ke ma kika fara. Duk hutu sai ki shiga motar Waca ko ta Dungass, ki zauna da tsofaffin mata, ki dawo da mazari, ko ƙoshiya, ko hauyar da ta cinye har ta zama kamar tafin hannu. Ba ki taɓa roƙa ba, su suke ba ki. Kowane abu ki ɗaura masa 'yar takarda mai sunan mai shi da labarinsa. Gidanku na Magaria ƙarami ne, sai kika riƙa ajiye su a ɗakin Inna a Bande.

A 2016 aurena ya matso, ina neman ɗaki. Kina Yamai wajen gyaran jarrabawar bak, ta gama sakandare. Ban kira ki ba, don na san amsarki. Na kwashe kayan, ƙarafan na bai wa masu sayen tsohon ƙarfe, fasassun ƙorai da akusa na cinna musu wuta a bayan gida, na shafe ɗakin da fenti.

Kin dawo kika tsaya a bakin ƙofa kin daɗe. Na shirya wa faɗa, ba ki yi ba. Kika ce, "Fentin ya yi kyau. Gobe ka zuba mai a babur, za mu je mu gaya wa masu kayan. Amana suka ba ni."

Kwana huɗu muna yawo. A kowane gida ni kike bari in yi bayani. Wanda ya fi yi mini nauyi shi ne na Iya Mero a Kwaya, tsohuwa mai raunin gani. Akushinta ne ta ɗauka a ka lokacin yunwar 1984, da suka nufi Najeriya a ƙafa. A cikinsa take dama wa ɗanta ɗan abin da ta samu, har yaron ya rasu a hanya. Na durƙusa na ce, "Iya, akushin nan ni na ƙona shi."

Ta juya fuskarta wajenki. "Takardar ma?"

Kika ce, "Har ita, Iya."

"To, sunan yaron ya tafi ke nan."

Kika kama hannunta kika ce, "Sharifu. Shekararsa uku. An binne shi a gindin aduwa, kafin a kai iyaka. Yana jin tsoron jakuna."

Iya Mero ta rufe fuska da zanenta. Da ta sauke, ni ta yi wa magana: "Tashi, ɗana. Itace ne kawai ka ƙona."

A hanyar komawa ban iya ganin gabana sosai ba saboda hawaye, sai da muka tsaya. Daga ranar har kika bar duniya ba ki sake tayar da zancen ba, ko da wasa. Ke kika yi wa matata lefe. Abin da kika nema a wurina ɗaya ne, in saya miki kaye, littafin rubutu, kika zauna kika sake rubuta duk labaran daga kanki. Saba'in da uku ne. Ɗalibanki sun zo gaisuwa sun roƙi a ba su su kwafa, mun amince.

Ban taɓa ce miki ki yafe mini ba, Yaya. Kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace.

Ya Allah, ka jiƙan Safiatou, ka yafe mata kurakuranta yadda ta riƙa yafe wa mutane tun ba su nema ba. Ka yalwata kabarinta, ka sada ta da Inna da Baba a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Malam Rabilu, da 'ya'yanta Zahara'u da Hanif, da ɗalibanta, da tsofaffin ƙauyukan da har yanzu ba su ji labari ba. Su kam da kaina zan je in gaya musu. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.